Yadda Za Ka Shimfiɗa Yaƙin Trafalgar a Tsakar Gida da Ƙwallon Dabino

Zanen yaƙin Trafalgar da ke cikin littattafan tarihi kusan iri ɗaya ne ko'ina: dogon layi mai lanƙwasa, da kibiyoyi biyu sun nufo shi daga hagu. Zanen bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye abubuwa biyu da suka yanke hukuncin ranar, wato iska da lokaci. Kibiya a takarda nan take take isa. Jiragen da take wakilta kuwa sun shafe kusan awa shida suna jan jiki a kan ruwa, da saurin da mai tafiya a ƙasa zai wuce su. Ni malamin tarihi ne, yawancin yaran da nake koyarwa ba su taɓa ganin teku ba, shi ya sa na bar allo na koma shimfiɗa musu yaƙin a ƙasa, su motsa jiragen da hannunsu. Wanda ya bi matakan nan sau ɗaya zai gane mene ne aikin kwamanda a teku a zamanin jiragen filafilai, da kuma inda ikonsa yake ƙarewa.

An gwabza yaƙin ne ranar 21 ga Oktoba 1805, shekara guda da 'yan watanni bayan yaƙin Tabkin Kwatto, a gaɓar kudu maso yammacin Sifaniya, tsakanin tashar Kadis da mashigin Jibraltar. Birtaniya na da manyan jiragen yaƙi 27 ƙarƙashin Admiral Nelson. Faransa da Sifaniya sun haɗa 33, na Faransa 18 na Sifaniya 15, ƙarƙashin Admiral Villeneuve. Ba don ƙaunar Birtaniya nake koyar da wannan ba. Nelson ɗin nan ya rubuta wasiƙa a wannan shekarar yana sukar masu neman a hana cinikin bayi, kuma rundunar da ta yi nasara a ranar ita ce ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851. Amma wanda ke son sanin yadda ɗan ƙaramin tsibiri ya mallake hanyoyin teku har ya iso ƙasashenmu, dole ya san abin da ya faru a wannan rana.

Kaya da ma'auni

Tara ƙwallon dabino 60, ka wanke ka shanya. Ka shafa wa kowanne launi a tsini ɗaya kawai, da jan farce ko fenti: ja ga 27, shuɗi ga 18, rawaya ga 15. Gefen da aka shafa shi ne goshin jirgi, ɗaya gefen ƙeya. Kada ka shafe ƙwallon gaba ɗaya, domin sanin goshi da ƙeya shi ne rabin darasin. Sai alli ko gawayi, da ɗan kwali, da dunƙulen auduga, da tsinken tsintsiya da ka karya daidai tsawon taƙinka.

Taƙi ɗaya shi ne kilomita ɗaya. Abin da ya sa na zaɓi ƙwallon dabino ke nan: a wannan ma'auni tsawonsa ya yi daidai da kimanin mita 100, kuma jirgin Nelson mai suna Victory, idan aka haɗa da sandar da ke miƙe a goshinsa, tsawonsa ke nan. Saboda haka abin da idonka zai gani a ƙasa, na tazara da cunkoso, shi ne gaskiyar abin. Kana buƙatar fili mai tsawon taku biyar ko shida daga yamma zuwa gabas. Ka zana gaɓar Sifaniya a gefen gabas, Kadis a arewa, tsinin Trafalgar a kudu maso gabas, ka ɗiga ɗigo-ɗigo a gabansa don nuna duwatsu da tudun rairayi da ke ƙarƙashin ruwa. Za ka buƙace su a ƙarshe.

Fara da iska, kafin ka ajiye ko jirgi ɗaya

Yanke kwalin ya zama da'ira. Ninka shi biyu, ka sake ninkawa, ka sake na uku. Idan ka buɗe za ka ga yanki takwas. Yanke uku da ke jere a haɗe, ka yar da sauran. Wannan yanki mai faɗin digiri 135 shi ne kayan aikin da ya fi komai daraja a wasan. Ka ɗora tsininsa a kan jirgi, tsakiyarsa na kallon inda iska ke fitowa. Duk alƙiblar da kwalin ya rufe haramun ce ga jirgin. Babban jirgin yaƙi na wancan zamani, mai filafilai masu kusurwa huɗu da aka rataya a gicciye, ba ya iya matsowa kusa da bakin iska fiye da haka. Matuƙan suna raba da'irar kamfas gida 32, kuma gida shida ta dama da gida shida ta hagu na iska a rufe suke. In kana son zuwa wurin da iska ke fitowa, sai dai ka yi ta karkata, dama da hagu, tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa uku ko fiye.

Yanzu ja babbar kibiya a ƙasa daga yamma, ta ɗan karkato daga arewa. Haka iskar ranar take, mai rauni ƙwarai, tana yi tana ɗaukewa. Ɗora kwalinka ka duba arewa. Za ka ga ta faɗa daidai a bakin kwalin. Riƙe wannan a ranka: duk jirgin da ya nufi Kadis a ranar yana tafiya ne a kan iyakar abin da zai iya, ɗan kuskure kaɗan filafilansa su yi laƙwas ya tsaya cak.

Juyawa iri biyu ce. Ko ka kai goshin jirgi ya ratsa ta cikin bakin iska, wanda ya fi gajarta amma yana buƙatar gudu, in gudun bai isa ba jirgin ya maƙale a tsakiya ya fara ja da baya. Ko ka juya masa ƙeya, ka zagayo ta doguwar hanya, wanda ba ya ƙin yiwuwa amma iska na tura ka nesa da inda kake so. A wasanmu juyawa ta ƙeya tana cin motsi biyu. Juyawa ta goshi a iska irin ta ranar tana cin uku, domin wasu jiragen sai da suka sauke kwale-kwale mutane suka ja goshinsu da igiya.

Wanda iska ta fara taɓawa shi ne a saman iska, kuma shi ke da zaɓi: ya afka lokacin da ya ga dama, ko ya tsaya nesa. Na ƙasan iska ba zai iya tilasta yaƙi ba, amma yana da hanyar gudu a buɗe, kuma jirginsa da ya lalace zai iya sulalewa baya. A Trafalgar Nelson ne a sama.

Motsi ɗaya minti 20 ne, kuma a cikinsa jirgin da iska ke bayansa yana cin tsinke ɗaya. Wanda ke tafe a bakin kwali rabin tsinke kawai yake ci.

Jirgin kansa

Ɗauki ƙwallo ɗaya a tafin hannu ka nuna wa mutanenka dogayen ɓangarorinsa biyu. Nan igogi suke, hawa biyu ko uku, suna leƙowa ta tagogi. Victory na da igogi 104 da mutane kimanin 820. Igogin hawan ƙasa suna harba curin ƙarfe mai nauyin kilo 14 da rabi, kowace igwa nauyinta ya kusa tan uku, kuma da ƙarfin damtse da igiyoyi ake jan ta baya a cika ta da albarushi a sake tura ta. Katakon gefen jirgi na da kauri sosai, amma idan curin ya fasa shi, tsagin katako da ke fallatsa ciki su ne suke kashe mutane da yawa. Shi ya sa kafin yaƙi ake kwashe duk wani shinge da kujera a kai ƙasa, a watsa yashi a daɓe don kada ƙafa ta zame a jini, likita kuma ya shirya teburinsa a can ƙarƙashin layin ruwa inda harbi ba ya kaiwa.

Sai ka nuna musu tsini biyun. A goshi da ƙeya kusan babu igwa. Ƙeya ma tagogin gilashi ne na ɗakin kyaftin da siraran katako. Jirgin da ya samu ya gitta ta bayan wani, yana sakin igoginsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin waɗannan tagogi, curinsa zai bi tsawon jirgin tun daga baya har goshi yana kwasar duk abin da ya tarar. Ɓarin wuta ɗaya irin wannan na iya raunana jirgi fiye da musayar wuta ta awa guda gefe da gefe. Dokar wasan ke nan: harbi na fara isa daga tsinke ɗaya, ɓarna ta gaske sai an matso faɗin yatsu uku, wanda kuma aka gitta ta ƙeyarsa an ci rabin ƙarfinsa.

Daga nan kowa zai gane dalilin da ya sa aka shafe sama da shekara ɗari ana yaƙi a layi, goshin wannan na bin ƙeyar wancan. Kowa na kare raunin ɗan'uwansa, igogi duka na kallon abokin gaba. Matsalar ita ce layi biyu na iya wuni suna harbin juna su rabu ba wanda ya ci. Kuma fita daga layi ba da izini ba abu ne da ke iya kai hafsa gaban kotun soja. A 1757 Birtaniya ta harbe Admiral Byng a kan jirgi a Portsmouth bisa hukuncin bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba a yaƙin Minorka. A 1781, a bakin Chesapeake a Amurka, Admiral Graves na Birtaniya ya ɗaga tutar a riƙe layi tare da tutar a matsa kusa, jiragen baya suka bi ta farko ba su shiga yaƙin sosai ba, Faransawa suka riƙe teku, bayan mako shida sojojin Birtaniya suka miƙa wuya a Yorktown. Kyaftin na wancan zamani yana tsakanin tsoro biyu, na saɓa umarni da na rashin yin abin da ya kamata. Ka faɗa wa mutanenka wannan kafin a fara, in ba haka ba ba za su ga girman abin da Nelson ya yi ba.

Jera jiragen

Shuɗi da rawaya ka gauraya su, haka suke a ranar, ka jera su daga arewa zuwa kudu a tsawon tsinke takwas, goshinsu na kallon kudu. Villeneuve ya fito daga Kadis ne ranakun 19 da 20 ga wata da nufin shiga tekun Bahar Rum. Maganar Faransa ta mamaye Ingila ta riga ta wuce, tun ƙarshen Agusta Napoleon ya kwashe sojojinsa daga Boulogne ya nufi Ostiriya. Villeneuve kuma ya samu labarin an turo Admiral Rosily ya karɓi kujerarsa, wannan na cikin abin da ya ingiza shi fita.

Jajayen ka ajiye su yamma, tazarar tsinke 16 zuwa 18, da ƙarfe shida na safe. Ka raba su biyu: 12 na Nelson a arewa, 15 na mataimakinsa Collingwood a kudu. Ɗaya daga na Nelson, mai suna Africa, ka ware shi can arewa shi kaɗai, domin ya ɓace wa 'yan'uwansa da dare.

A motsin ƙarfe takwas, mai riƙe da Villeneuve ya ba da umarni duk jiragensa su juya ta ƙeya su fuskanci arewa, don Kadis ta kasance a gabansu idan abu ya ɓaci. Ka sa a juya su ɗaya-ɗaya da hannu, kowanne ya ɗan zame gabas. Layin zai lalace da kansa: na baya ya zama na gaba, tsakiya ta lotsa, wasu su yi biyu-biyu, wasu wuraren su bar giɓi. Kada ka gyara. Lanƙwasar da ake gani a zanen littafi ba dabara ba ce, wannan juyin ne ya haife ta. Ka yi alama a kan Bucentaure na Villeneuve a tsakiya, Santísima Trinidad mai hawa huɗu a gabansa kaɗan, Redoutable a bayansa, sai Santa Ana can ƙasa. Jirage goma na gaba su ne na Admiral Dumanoir.

Dokar shiru

Nan ne zuciyar abin. Kana buƙatar mutum huɗu aƙalla: Nelson, Collingwood, Villeneuve, Dumanoir. In da ƙarin mutane, ka raba musu jirage su zama kyaftin-kyaftin. Kai ne alƙali mai kula da iska da agogo.

Kafin motsi na farko, kowane ɓangare ya keɓe ya tattauna iya son ransa. Da an fara, baki ya mutu. Kwamanda na iya ɗaga takarda ɗaya a kowane motsi, mai kalma uku ko ƙasa da haka, kuma sai motsi na gaba za a yi aiki da ita. Da zarar ka ɗora auduga a kan jirgin kwamanda, alamar hayaƙin albarushi ya rufe shi, takardar ma ta ƙare.

Haka abin yake a zahiri. Da tutoci ake magana, ana karanta su da madubin hangen nesa, ƙananan jirage masu sauri na tsayawa gefe suna maimaitawa. Birtaniya na amfani da tsarin Home Popham, inda kalmar da ke cikin littafin alamomi ke da lambarta, wadda babu kuma sai an jero ta harafi-harafi. Saƙon nan da ya shahara na ƙarfe 11:45, cewa Ingila na sa ran kowa zai sauke nauyin da ke kansa, sai da aka ɗaga tutoci sau 12 kafin ya cika, kuma jami'in tutoci John Pasco ya roƙi a sauya kalma ɗaya da wadda ke cikin littafi don a rage aiki. An ruwaito Collingwood ya yi gunaguni da ya ga tutoci na tashi, yana cewa ai kowa ya san abin da zai yi. Gaskiyarsa. Saƙon ƙarshe shi ne mai lamba 16, a matsa kusa da abokan gaba, aka bar shi a sama har harbi ya kakkaɓo shi.

Dalilin da ya sa kowa ya san abin da zai yi shi ne Nelson ya gama ba da umarninsa makonni kafin ranar. Ya iso rundunar ranar 28 ga Satumba, ya tara kyaftin-kyaftin ɗinsa cin abinci dare biyu a jere ya warware musu shirinsa baki da baki. Ranar 9 ga Oktoba ya rubuta musu shi. Collingwood zai yanke jiragen baya ya murƙushe su, kuma ragamar layinsa gaba ɗaya a hannunsa take, ba sai ya jira izini ba. Nelson zai fasa tsakiya. Jiragen gaba na abokan gaba za a bar su da iska, kafin su juyo an gama. Ya kuma rubuta cewa idan ba a ga tuta ba ko ba a fahimce ta ba, kyaftin ɗin da ya jingina jirginsa da na abokin gaba bai yi babban kuskure ba. Da wannan jimla ya cire musu tsoron kotun soja.

Adalci ya sa in faɗi cewa Villeneuve ba wawa ba ne. Ya hango daidai abin da Nelson zai yi, ya rubuta wa kyaftin-kyaftin ɗinsa cewa zai fasa layi ya kewaye na baya, har ya ce duk kyaftin ɗin da ba ya cikin wuta ba ya wurin aikinsa. Abin da ya rasa shi ne mutanen da za su aiwatar. Juyin juya halin Faransa ya cinye ƙwararrun hafsoshi, zaman tasha ƙarƙashin ƙawanya ya hana atisaye, annobar shawara kuma ta yi wa matuƙan kudancin Sifaniya ɓarna har aka cike jirage da sojojin ƙasa da mutanen da ba su san teku ba. Don haka ka ba jajaye harbi biyu a duk harbi ɗaya na ɗaya ɓangaren idan an matso kusa. Ba jarumta suka fi su ba, atisaye suka fi su.

Motsa su

Daga shida zuwa sha ɗaya da rabi ba abin da ke faruwa sai matsowa, tsinke bayan tsinke. Kada ka tsallake wannan don gajiya. Bari mutanenka su ji tsawonsa, su tuna cewa mutanen da ke cikin jiragen suna kallon bakin igogin da ke jiransu tun hantsi. Jajayen ma ba su tafi a tsari ba. Royal Sovereign na Collingwood, da ba a daɗe da sabunta tagullar da ke lulluɓe da cikinsa ba, ya tsere wa na bayansa. Masu nauyi irin su Britannia da Prince suka yi ta jan ƙafa. Ka ba na gaba ɗan ƙari, na baya ka rage musu.

Da shiga tsinken ƙarshe za a ga haɗarin shirin ƙuru-ƙuru. Goshin jajaye na kallon gefen abokan gaba, wato ana harbinsu ba su da abin ramawa. Victory ya sha wuta kimanin minti 40 a haka, motsi biyu cur, domin iskar tana yi tana ɗaukewa. Harbi ya farfasa sitiyarinsa sai daga ƙasa ake juya shi da igiyoyi, ya kashe sakataren Nelson, John Scott, a tsaye kusa da shi, mutum kusan 50 suka mutu ko suka jikkata kafin jirgin ya saki igwa ɗaya. Da gwanayen harbi ne a gabansa, da shirin ya zama kisan kai. Nelson ya yi caca ne da abin da ya sani game da abokan gabansa. Teku ma ta taimaka masa, domin manyan raƙuman ruwa na tahowa daga yamma suna dukan jiragen Faransa da Sifaniya a gefe, suna ta tangaɗi, saiti ya ƙi zama.

Wajen sha biyun rana ka shigar da Royal Sovereign ta bayan Santa Ana, ka ɗora auduga. Ya yi 'yan mintoci shi kaɗai a tsakiyar jirage da dama kafin Belleisle na Birtaniya ya iso, shi kuma Belleisle aka karya masa ginshiƙan filafilansa duka uku. Wajen ɗaya saura kwata ka gitta da Victory ta ƙeyar Bucentaure. A nan ne aka saki gajeriyar igwa mai curin kilo 31, da aka ɗora wa ƙaramar ganga mai harsashin bindiga 500, ta cikin tagogin Villeneuve, sauran igogin suka biyo baya.

Sai ka manna Victory da Redoutable. Kyaftin ɗin Redoutable, Jean Lucas, ya san ba zai iya gasar igwa da Ingilishi ba, don haka ya horar da mutanensa harbin bindiga daga saman ginshiƙai, da jifa da gurneti, da tsallakawa jirgin abokin gaba. Jirginsa mai igogi 74 ne kawai, amma ya kusa share saman Victory, har mutanensa sun taru za su tsallaka sai Temeraire na Birtaniya ya ɓullo ta ɗaya gefen ya yi musu ɓarin wuta. Cikin mutum 643 na Redoutable, sama da 500 suka mutu ko suka jikkata kafin ya sauke tuta. Duk wanda ya ce Faransawa ba su yi yaƙi ba a ranar, a nuna masa wannan adadi, a kuma ambata masa Churruca na Sifaniya da ya mutu a kan jirginsa San Juan Nepomuceno.

Da ƙarfe ɗaya da kwata harsashi daga saman Redoutable ya shiga kafaɗar Nelson ta hagu ya ratsa ƙashin bayansa. A wannan motsi ka kama hannun mai riƙe da Nelson ka fitar da shi daga fili, ka zaunar da shi inda ba ya ganin ƙasa. Kada ka yi bayani. A ci gaba da wasa. Abin da mutanenka za su lura da shi da kansu shi ne babu abin da ya tsaya a ɓangaren jajaye: kowane jirgi da ya iso yana neman inda hayaƙi ya fi kauri ya shiga, ya sami wanda aka riga aka raunana ya gama da shi. Nelson na kwance a ƙasan jirgi wurin likita William Beatty, Hardy, kyaftin ɗin Victory, na saukowa jefi-jefi yana ba shi labari, har ya cika wajen huɗu da rabi.

Sannan ka dubi ɗaya ɓangaren. Mai riƙe da Dumanoir yana da jirage goma lafiyayyu suna tafiya arewa, yaƙi na bayansu, kwamandansa na cikin auduga. A tarihi sai wajen ƙarfe biyu suka fara juyowa, daidai lokacin da Bucentaure ke miƙa wuya. Da suka juyo ɗin ma ba su zo a dunƙule ba. Intrépide na Kyaftin Infernet ya kutsa tsakiyar wuta aka kama shi, Dumanoir da jirage huɗu suka yi musayar wuta daga nesa suka wuce, ranar 4 ga Nuwamba Richard Strachan na Birtaniya ya kama su duka a kusa da tsinin Ortegal, a arewa maso yammacin Sifaniya.

Zuwa biyar da rabi ka kife 18 daga shuɗi da rawaya: 17 an kama, Achille ya kama wuta ya tarwatse. Ko jan ƙwallo ɗaya ba a rasa ba, ko da yake Birtaniya ta yi asarar rayuka kimanin 450 da raunuka sama da 1,200. Admiral Gravina na Sifaniya, da raunin da ya yi ajalinsa bayan 'yan watanni, ya ja jirage 11 zuwa Kadis.

Kada ka kwashe tukuna

Raƙuman ruwan nan na safe alamar guguwa ce, kuma Nelson ya karanta ta. Yana kwance yana nanata wa Hardy a jefa anka. Collingwood da ya karɓi ragama bai jefa ba, kuma yana da hujja, domin jirage da yawa harbi ya tsinke musu igiyoyin anka. Goge kibiyarka ka ja sabuwa mai kauri daga kudu maso yamma, ka tura komai tsinke ɗaya zuwa gaɓa a kowane motsi, ka dubi ɗigon da ka yi da farko. Jirage marasa filafilai, cike da masu rauni, iska na kai su kan duwatsu. Redoutable ya nutse washegari. Ranar 23 Kyaftin Cosmao na Faransa ya fito daga Kadis da 'yan jirage ya ƙwato Santa Ana da Neptuno. Santísima Trinidad ya tafi ƙasan teku. Cikin duk jiragen da aka kama, huɗu kacal suka isa Jibraltar, kuma mamatan Faransa da Sifaniya sun haura 4,000, da yawansu ruwa ne ya ci su ba harbi ba. Bar mutanenka su yi gardama a kan anka, kowa ya kawo hujjarsa daga abin da ke shimfiɗe a gabansa.

In da sauran lokaci, mayar da ƙwallayen yadda suke da ƙarfe sha biyu ka sauya abu ɗaya tak: mai riƙe da Dumanoir ya juyo da jiragensa goma da ganin hayaƙin farko, ba tare da jiran takarda ba. Ba shi motsi uku na juyawa, ka ɗora masa kwalin iska, ka auna da tsinke ko zai isa Bucentaure kafin ƙarfe biyu, sannan ka ƙirga jajaye nawa ne suka riga suka iso wurin a lokacin.